Mailafiya Mai Shibriyya da Karatun Ɗansa

Sunansa na yanka Salihu, amma a unguwar Tandabawi ta Makka idan ka ce Salihu sai an tsaya tunani. Mailafiya aka san shi da shi, don ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, ko a gida ko a kasuwa. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Ya baro gida yana saurayi, shi da amaryarsa Zinariya, suka bi ta Borno a ƙasa har Sudan. A can suka zauna shekaru suna tsinkar auduga kafin su haɗa abin haye teku. 'Ya'ya biyu suka binne a hanya. Da suka iso Makka suka sauke farali, guzurin komawa bai samu ba. Aka yi ta cewa baɗi, har maganar komawar ta mutu da kanta. Sai daga baya wani muɗawwifi, mai yi wa alhazai jagora, da ya yaba da halinsa ya tsaya masa ya sami iƙama, takardar zama.

A Makka suka haifi Baraka, wadda ta auri wani direban tasi suka tare a unguwar Shisha, sannan Tijjani, autansu.

Sana'ar Mailafiya ɗaukar shibriyya ce. Shibriyya wani ɗan gado ne na katako da ake ɗora tsoho ko marar lafiya a kai, mutum huɗu su ɗauka bisa kawunansu, kowa da gammonsa, su zagaya da shi Ka'aba har ya cika ɗawafi. Aikin yana son wuya mai ƙarfi, yana kuma son mutanen da ƙafarsu ta saba da juna, don idan ɗaya ya yi gaggawa sai na sama ya karkace. Mailafiya a kusurwar baya ta dama yake tsayawa. Ɗanjuma, wani Bazazzagi mai faɗin ƙirji da yawan raha, shi ne babbansu, shi ke yin ciniki da alhazai, shi kuma ke buɗe hanya a gaba da muryarsa. Ya kan ce ya fi son Mailafiya a bayansa da kowa, don duk cunkoson da aka shiga bai taɓa jin gadon ya girgiza ta wajensa ba.

Akwai wani hali nasa da kowa ya sani, wasu na yabawa, wasu na ganin taurin kai ne. Mailafiya ba ya faɗin abin da ba haka yake ba, ko a ƙaramin abu. Idan Ɗanjuma ya ce wa alhaji sun yi shekara arba'in suna wannan aiki don ya ƙara musu wani abu, Mailafiya sai ya kau da kai ya dubi tantabarun Harami. In kuwa alhajin ya juyo ya tambaye shi, sai ya ce bai kai haka ba. Ɗanjuma ya sha yi masa faɗa a kan wannan, daga baya ya daina yin irin maganar a gabansa.

Wajen farkon shekarun 1960 wuyansa ya fara ciwo. Da farko idan ya kwana sai ya sake, daga baya ya zama ba ya iya juyawa hagu sai da jikinsa duka. Zinariya da Baraka suka matsa masa har ya ajiye gammo. Lokacin Tijjani ya girma, yana ɗinkin tantunan Mina a shagon wani Hadi da ke unguwar Hindawiyya, da rana yana aiki, bayan la'asar yana zuwa makarantar yamma. Abin da yake samu, da ɗan abin da Zinariya ke samu a suyar gyaɗa da wankin alhazai, shi ke riƙe gidan. Gidan kuwa ɗaki biyu ne na kwano da katako a gefen dutse.

Tijjani yaro ne mai kai. Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, kamar yawancin waɗanda aka haifa a nan, ubansa ma Abuya yake ce masa, kuma tun yana ƙarami malamansa ke cewa kada a bar shi ya tsaya a hanya. Da ya gama sanawiyya, wato sakandare, a 1963, sai ya sa ransa a wata kulliya ta horar da malamai, wadda wani attajiri ya kafa da wakafi. Ba a biyan kuɗin karatu a can. Matsalar ita ce darasi tun safe ne har bayan azahar, ga bita, ga bahasi, wanda ya shiga ba zai iya zama a shagon ɗinki ba. Don irin wannan ne kulliyar ke ba wasu ɗalibai i'ana, wato tallafin wata-wata da zai ci da su. A takardar neman shiga akwai wurin da ake tambaya ko mai nema yana bukatar i'anar.

Hadi, mai shagon, iyayensa ta Sudan suka zo, kuma mutum ne mai shiga mutane, yana jin labari. Shi ya fara ja wa Tijjani kunne.

"Kada ka ce kana bukata," in ji shi. "Na ji an ce masu neman i'ana gefe guda ake ware su. Ka fara samun shiga tukuna, abin da zai biyo baya Allah na nan."

Tijjani ya kawo maganar gida bayan azahar, ana cin abinci. Mailafiya ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Karanta min abin da suka tambaya."

Tijjani ya karanta da Larabci, ya fassara.

"To, tambaya suka yi maka. Kana da bukata ko ba ka da ita?"

"Abuya, kowa ya san ina da ita. Amma Kawu Hadi ya ce..."

"Hadi ba shi aka tambaya ba. Mutanen nan sun ware dukiya don talaka, sun ce talaka ya faɗa. In ka ce ba ka bukata, ranar da ka shiga me za mu ci? Ka rubuta abin da yake."

Zinariya ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Tijjani ya rubuta yadda uban ya ce.

Ya zauna jarrabawar shiga, ya fito yana murna. Da aka kafa sunayen waɗanda aka ɗauka a jikin bango, nasa ba ya ciki. Abin da ya fi ƙona masa rai, akwai abokin karatunsa ɗan wani mai kanti, wanda shi Tijjani ke koya wa nahawu, kuma an ɗauke shi. Ya shiga ofis ya tambaya. Magatakardan kulliyar dattijo ne mai sauƙin kai, bai ɓoye masa komai ba. Ya ce sakamakonsa ya yi kyau, ya fi na da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka. Amma wanda ya nemi i'ana ba da kowa ake gwada shi ba, da 'yan'uwansa masu neman i'ana ake gwada shi, kuma abin da wakafin ke iya ɗauka kaɗan ne. Bana masu nema sun yi yawa, marayu da waɗanda suka zo daga nesa aka sa a gaba. Ba sa ɗaukar mutum ya ce musu ba shi da abin ci sannan su bar shi ba abin ci.

"Da ban nema ba fa?" Tijjani ya tambaya.

Dattijon ya ce, "Da an ɗauke ka."

Tijjani ya hau dutsen unguwarsu da rana tsaka. Ya tarar da uban zaune a inuwar ƙofar gida. Bai zauna ba, a tsaye ya faɗa masa abin da magatakarda ya ce, sannan ya ƙara da maganar da daga baya ya yi ta nadamarta.

"Gaskiyarka ta cinye min shekara, Abuya. Kai ba ka yi asarar komai ba."

Zinariya ta fito daga ɗaki da sauri ta ce, "Tijjani, ubanka kake faɗa wa haka?" Mailafiya ya ɗaga mata hannu alamar ta bari. Ya juya jikinsa duka, kamar yadda ciwon ya koya masa, ya dubi ɗan nasa, sannan ya tashi ya ɗauki buta.

Watannin da suka biyo baya gidan ya yi sanyi. Tijjani na gaishe da uban safe da yamma, yana ajiye abin da ya samu a hannun uwarsa, amma hira ta ƙare a tsakaninsu. Ya daina cin abinci tare da shi, sai ya ce ya ci a shago. Littattafansa ya zuba su a akwati ya tura ƙarƙashin gado.

Ana saura kwanaki azumi ya kama, Mailafiya ya ce wa Zinariya ta nemo masa gammonsa.

"Na me, Malam?"

"Zan je wurin Ɗanjuma."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Da wannan wuyan? Mai magani ya ce in ka sake ɗaukar nauyi ba ruwansa."

"Na ji abin da ya ce. Yaron nan zai sake nema baɗi. Ba zai nemi i'ana ba, ko na ce ya nema ba zai ji ba, kuma ba zan ce ba. Hadi ya gaya min wanda bai nema ba sai ya kawo waliyyinsa ya faɗa da bakinsa cewa shi zai ci da shi. Za su tambaye ni aikin me nake yi. Ina so in sami abin da zan faɗa musu."

"Ka ce kana ɗaukar shibriyya mana. Ai ka ɗauka shekara da shekaru, wa zai je ya duba?"

"Na ɗauka a da. Yanzu ba na ɗauka."

Zinariya ta san ba amfanin ja. Ta ciro gammon, ta warware shi ta ƙara masa tsumma mai laushi, ta sake naɗewa. Tana ɗinkin tana hawaye, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba.

Ɗanjuma ma bai so ba. Ya ce ya riga ya sa wani saurayi a kusurwar, kuma ba ya son a ce a hannunsa tsoho ya karye. Mailafiya ya ce a gwada shi, in gadon ya girgiza ta wajensa shi da kansa zai tafi. Suka gwada shi da wata tsohuwa 'yar Jawa marar nauyi. Gadon bai girgiza ba. Ɗanjuma ya mayar da saurayin wata ƙungiya, ya kuma riƙa zaɓen alhazai marasa jiki ba tare da ya faɗa ba, duk da cewa masu jikin sun fi biya.

Haka Mailafiya ya yi aikin azumin nan, ya yi na hajji. Idan ya dawo sai Zinariya ta dafa ruwa ta gasa masa wuya da tsumma. Tijjani na ganin duk wannan. Sau ɗaya ya ce wa uwarsa ta hana shi, ai abin da yake kawowa yana isa. Ta ce, "Je ka faɗa masa da kanka." Bai je ba.

Da lokacin nema ya zagayo, Tijjani ya cika takarda bai nemi i'ana ba. Ya yi ta juya yadda zai roƙi uban ya raka shi, sai ranar da aka sa ya fito ya tarar da shi a ƙofar gida cikin farar riga wankakkiya, yana jiransa.

Shehunai uku ne a ɗakin. Babbansu ya tambayi Mailafiya ko shi ne waliyyin ɗalibin, ya ce shi ne. Larabcinsa na kasuwa ne, amma ana ganewa. Aka tambaye shi aikinsa, ya ce yana ɗaukar shibriyya a Harami. Shehun ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi furfurarsa.

"Har yanzu, ya Hajji?"

"Har yanzu. Na bari na wani lokaci, na koma tun azumi."

"Ka san karatun nan shekara huɗu ne? Ka san wanda ya shiga ba da i'ana ba, ba a sa shi a cikinta daga baya? Abin da ke akwai a farkon shekara ake raba wa sababbin shiga."

Tijjani bai taɓa jin wannan sharaɗin ba. Ya dubi uban. Mailafiya ya ce, "Yanzu na sani. Ni zan ci da shi muddin ina iya tsayawa."

A hanyar komawa, sun zo daidai inda ake ta rushe tsofaffin gidaje don faɗaɗa Harami, Tijjani ya ce, "Abuya, don wannan ka koma?"

"Ka kula da ƙafarka, akwai ƙusa a wajen nan," in ji Mailafiya.

Aka ɗauki Tijjani. Ranar da sunansa ya fito Zinariya ta soya gyaɗa ta raba wa maƙwabta, Baraka ta zo daga Shisha da shinkafa da nama, Ɗanjuma ya zo ya cika gidan da surutu yana cewa saura kaɗan su sami alƙali a dangi. A ranar Tijjani ya zauna ya ci abinci a kwano ɗaya da ubansa.

Shekarar farko ta wuce lafiya. Gidan ya ɗan ƙuntata, don aikin shibriyya na lokaci ne, in alhazai suka watse sai a yi kwanaki ba a ɗauki kowa ba. Zinariya ta ƙara yawan wanki, mijin Baraka yana aiko da abin da ya sawwaƙa, Tijjani na zuwa shagon Hadi ranar Juma'a da lokacin hutu. Shi ya zo na biyu a ajinsu.

A hajjin 1966 ne abin ya faru. Ranar sallah, lokacin ɗawafin ifala, mutane sun cika Harami ba masaka tsinke. Wani alhaji mai jiki sosai, ƙafafunsa a kumbure, 'ya'yansa suka riƙe Ɗanjuma suna roƙo, sun nemi masu ɗauka sun rasa. Ɗanjuma ya dubi Mailafiya, Mailafiya ya ce a ɗora shi. Sun yi nisa da ɗawafin, sai taro ya turo daga gefe, na kusurwar baya ta hagu ya yi tuntuɓe ya durƙusa. Nauyin bayan gadon gaba ɗaya ya dawo kan Mailafiya. Ya riƙe har ɗayan ya miƙe ya mayar da kansa. Ɗanjuma ya waiwayo ya tambaya ko a sauke, Mailafiya ya ce a ci gaba, mutumin bai cika ɗawafinsa ba. Da suka cika suka sauke alhajin, Mailafiya ya miƙa hannun dama zai ɗauki gammonsa da ya faɗi, hannun ya ƙi rufuwa.

Aka kai shi wurin maɗori, aka yi ƙaho, daga baya mijin Baraka ya kai shi asibiti a tasinsa. Likita ya ce ƙashin wuya ne ya danne jijiya, hannun zai iya ɗan dawowa, amma ɗaukar kaya ya ƙare. Ya yi wata biyu a kwance. Ɗanjuma yana zuwa kusan kullum, ya zauna a bakin ƙofa, rahar nan duk ta tafi. Ya ce laifinsa ne da ya karɓi mutumin. Mailafiya ya ce, "Ni na ce a ɗora shi."

Tijjani ya je wurin babban shehun kulliya ya faɗa masa halin da ake ciki, ya roƙi a sa shi a cikin masu i'ana. Shehun ya tuna da uban, ya yi ta jajantawa. Amma ya ce abin da aka faɗa ranar nan yana nan. I'anar bana da ta baɗi duk da masu ita, in aka ba shi sai an cire wani. Abin da zai iya yi masa shi ne ya mayar da shi cikin masu intisabi, waɗanda ke karatu a gida su zo jarrabawa kawai. Ya kuma ce ƙofar gidansa a buɗe take bayan la'asar ga duk abin da ya shige masa duhu.

Tijjani ya dawo da fushi. Ya ce mutanen nan ba su da tausayi, ɗalibin da ya zo na biyu za su bari ya koma ɗinkin tanti, alhali a cikin masu karɓar i'anar akwai waɗanda da ƙyar suke cin jarrabawa.

Mailafiya na kwance, an tokare masa wuya da matashi. Ya ce, "Sun gaya mana tun farko. A gabanka aka faɗa."

"To da na nema an hana ni shiga, da ban nema ba an hana ni ci. Ta ina talaka zai bi?"

"Ban sani ba," in ji uban. Sannan ya ce, "Shekarar farko na zaci in ka faɗi bukatarka shi ke nan. Ban san haka suke yi ba. Da na sani, da na koma aiki tun a lokacin, da ba ka rasa shekarar ba."

Wannan ne kaɗai lokacin da ya taɓa maganar. Tijjani ya durƙusa a gefen gadon ya ce, "Abuya, ka yafe min abin da na faɗa maka ranar nan." Uban ya ce ya yafe tun a ranar, ya kuma ce ya tashi ya je ya karɓi intisabin kafin shehun ya canja shawara.

Tijjani ya koma shagon Hadi. Da azumi da hajji kuwa sai ya karɓi kusurwar ubansa a shibriyyar Ɗanjuma, don abin da ake samu a 'yan makonnin nan ya fi na ɗinki nesa. Bai iya ba da farko, yana gaggawa, Ɗanjuma na yi masa tsawa. Wata rana suna ɗauke da wani tsoho ya haɗa ido da wani ɗan ajinsu yana ɗawafi, ɗan ajin ya kau da kai don kada ya ba shi kunya. Karatu a gida bai yi masa sauƙi ba. Shekarar ya faɗi darasi biyu, dole ya maimaita aji.

Mailafiya da ya tashi bai yarda ya zauna a gida ba. Ya sami wuri a bakin hanyar da ke gangarawa Harami, ya shimfiɗa buhu yana sayar da asuwaki. Da hannun hagu yake miƙawa, na daman na kan cinya. Ciniki ba shi da yawa, don in mai saye ya tambaya ko ɗanye ne, in na jiya ne sai ya ce na jiya ne. Ya rame, kansa ya ɗan karkata gefe guda ya zauna a haka.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Tijjani ya zo ya zauna kusa da shi da littafin fiƙihu, yana jira rana ta yi sanyi su hau gida tare. Uban ya tambaye shi wane babi suke, ya ce babin hajji.

"To bari in tambaye ka. Wanda ya ɗauki wani ya yi ɗawafi da shi, ɗawafin na wanda ke sama ne kaɗai, ko shi ma na ƙasan yana da shi?"

Tijjani ya dube shi, ya ga da gaske yake tambaya. Ya ce, "Malamai sun saɓa, Abuya. Wasu sun ce in kowannensu ya yi niyya, ya isar musu su biyun. Wasu sun ce ɗawafi ɗaya ba ya zama na mutum biyu."

"Niyya kuwa ban taɓa yi wa kaina ba. Mutum ya biya a zagaya da shi, sai na ga kamar in na sa kaina a ciki na rage masa wani abu."

"Ba ka taɓa tambaya ba, duk shekarun nan?"

"Wa zan tambaya? Malaman Harami da Larabcin littafi suke magana."

Tijjani ya so ya ce masa duk an rubuta masa ladan ɗawafin, ya san kuma uban zai tambaye shi a wane littafi ya gani. Sai ya ce, "Ɗawafi dai ban isa in ce maka kana da shi ba. Amma ladan wanda ya taimaki mai rauni ya yi ibadarsa, wannan ban ga wanda ya yi musu a kai ba."

Mailafiya ya jinjina maganar. Ya ce, "To, madalla." Wani Baturke ya tsaya yana taɓa asuwaki, Mailafiya ya juya ya sallame shi. Da mutumin ya tafi ya ce wa Tijjani ya karanta masa babin tun daga farko, yana fassarawa a hankali. Suka zauna a wurin har aka kira la'asar. Daga ranar ya zama kowace Juma'a sai sun yi haka. Uban ba ya riƙe sunayen malaman, amma yana riƙe mas'alolin, wani lokaci ya yi tambayar da sai Tijjani ya kai wa shehun kulliya.

Bai ga ƙarshen karatun ba. A watan Sha'aban, cikin sanyin ƙarshen 1968, zazzaɓi ya kama shi ya sauka a ƙirji. Kwana kaɗan ya yi. Ya rasu da hantsi, Zinariya da Baraka na kusa da shi, Tijjani na shago aka aika aka kira shi. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar tare da wasu gawawwaki biyu da ba a san ko su wane ne ba, aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Masu shibriyya sun zo da yawa, har waɗanda suka daɗe da barin aikin. Shehun kulliya ma ya zo gaisuwa, ya hau dutsen nan da sandarsa, ya zauna a kan tabarma tsakanin Ɗanjuma da Hadi, ya sha shayi ya tafi.

Tijjani ya gama a shekarar da ta biyo baya, da sakamako matsakaici. Ya sami koyarwa a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a Hindawiyya, inda yawancin yaran 'ya'yan Hausawa ne da Barebari, albashin bai fi na ɗinkin tanti da yawa ba. Baraka ta yi ta roƙon uwarsu ta dawo Shisha ta zauna da ita, Zinariya ta ce daga Tandabawi tana iya gangarawa Harami da ƙafarta, daga can kuwa sai ta jira mota. Ta zauna a ɗakinta tana suyar gyaɗa har gwiwoyinta suka gaza hawan dutsen, sannan ta yarda aka kwashe kayanta.